Ɗaurin Surukina

Kwanan baya na bi ta Gar, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Parakou, ba don ina da wani aiki a can ba, sai don ƙafa ta saba. Na tarar ana yi wa wata doguwar mota lodi, na tsaya ina kallo kamar baƙauye. Yanzu ba da igiya ake ɗaure kaya ba, wani faffaɗan bel ne mai ƙarfe a baki, matashi ya kama ƙarfen yana lanƙwasawa, ƙarat-ƙarat-ƙarat, har bel ya miƙe. Da ya gama sai wani mai hular roba ya ɗaga waya ya ɗauki hoton motar gaba da baya, ya tura wa wani, amsa ta dawo, mota ta tashi. Na matsa na ce, "Ɗana, shi wanda ya ce ya yi ɗin, yana ina?" Ya ce yana buro, wato ofis, a Kwatano. Na ce, "Ikon Allah, daga Kwatano yake jin igiya?" Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne ke damuna. Ni kuwa da gaske nake tambaya, don ina son in gane yadda ake duba aikin da ba a tsaya kusa da shi ba. Ban ce ba ya yiwuwa ba. Motocinsu suna isa lafiya, wataƙila ma fiye da namu na da. Abin da na rasa a wurin wata ƙara ce da na tashi da ita a kunne.

A zamanin da nake saurayi Gar ba ta san shiru ba. Kafin ka ga jirgin Kwatano sai ka ji shi a tafin ƙafarka, layin dogo yana gurnani ƙasa-ƙasa, sannan usur ya biyo baya, masu koko da ƙosai su fara janye kwanukansu daga hanya. A nan dogo ya ƙare, saboda haka duk abin da jirgi ya kwaso daga bakin teku a nan ake sauke shi a ɗora wa motoci, na Nijar su yi arewa, na Djougou su yi yamma. Gishiri ne, siminti ne, shinkafa, kwanon rufi, gangunan mai. Ana gaisawa da Barganci, ana zagi da Dendanci, ana gaggauta mutane da Faransanci, ciniki kuwa da Hausa. Mu da kakanninmu suka zo fatauci suka zauna, da waɗanda suka gangaro daga Nijar da Najeriya neman abinci, Hausar ce ta haɗa mu. A cikin duk wannan hayaniya akwai 'yar ƙarar da in ta tashi kowa ke kasa kunne ko bai juyo ba, ita ce ƙarar sanda a kan igiya. Igiyar da ta ɗauru tana amsawa da tim, gajere mai tauri. Wadda ba ta ɗauru ba sai ta ce ɓaf, kamar an mari jiƙaƙƙen buhu.

Baƙo in ya tsaya zai ɗauka rububi kawai ake yi, alhali kowa da gurbinsa. 'Yan dako ke ɗauko kaya daga tarago su kawo bakin mota. Masu jeri suna sama suna karɓa, su suka san abin da zai kwanta ƙasa da abin da zai hau bisa. In sun gama sai masu ɗauri su ja tamfol su zuba igiya. Bayansu sai mai duba da guntuwar sandarsa ta icen maɗaci, sama da kowa kuma sai Sarkin Lodi. Ɗan dako ba ya gaya wa mai jeri inda zai ajiye buhu. Mai kaya, komai girman rigarsa, ba ya ɗaga wa ɗan dako murya. In yana da magana sai ya taka zuwa gindin mangwaro inda Sarki ke zama, Sarki ya ji, ya aika da abin da ya ga ya dace ta bakin wanda ya dace. Yakan ce mutumin da ke ɗauke da buhu, in murya biyu ta kira shi lokaci guda, buhun ne ke faɗuwa.

Sarkin namu gajere ne, wuyansa ya ɗan karkace saboda daɗewa a dako, kullum yana zaune kan wata tsohuwar taya kamar mai gyangyaɗi. Ban taɓa jin ya tsawata wa wani a gaban mutane ba. In ka yi ɓarna ba zai ce komai ba ranar. Washegari da safe sai ya kira ka, "Zo ka taya ni cin goron nan, ya yi mini yawa." Ya ja ka bayan sito, ya fasa ya ba ka rabi, ya tambayi mutanen gida, sannan a hankali ya warware maka abin da ka yi tun daga farkonsa, har da inda kake tsaye da abin da ya ɗauke maka hankali. Har yau ban gane ta inda yake gani ba, ga ido rabi a rufe. Mun fi tsoron goron Sarki a kan marin jandarma. In aka ga mutum ya fito daga bayan sito baki ja wur, sai a yi ta tsokanarsa, ana cewa wane yau an karya da daɗi.

Aikin mai duba shi ya fi ba ni sha'awa tun ina sabon shiga, don ban ga irinsa a wani wuri ba. Mai ɗauri ba ya duba ɗaurinsa, wani ne ke dubawa. Shi kuma mai duba ba ya taɓa igiya da hannu, sai da sanda. In ya buga ya ji ɓaf ba zai gyara ba, sai ya kalli mai ɗaurin, ya kira sunansa, ya ce, "Wane, sake." In ya zagaye mota ya ji tim ko'ina, sai ya ce, "Ya yi." To a nan dokar take, wanda ya ce ya yi, shi zai hau. Zai haura can saman kaya ya zauna, mota ta tashi da shi. Rukuninmu motocin Djougou ne a hannunsa, saboda haka mai dubanmu har Djougou yake zuwa, ya dawo kan motar doya ko ta ƙwallon kaɗanya da ke fitowa daga wajen Pélébina. In motoci sun fi ɗaya, Sarki ke nuna wadda zai hau, kuma ba ya nunawa sai an gama duba duka. Hawan kansa magana ne, shofer, wato direba, in ya ga mai duba ya haura ba ya jiran komai. Hanyar a lokacin jar ƙasa ce, damina ta cinye rabinta. Mutumin da ya san shi zai zauna kan kayan nan a kowane rami da kowace kwana ba ya barin abota ta toshe masa kunne.

Ni a wurin wani dattijo na koyi ɗauri, mutumin da duk Gar ta yarda ba a kai shi iya igiya ba. Ya sha buge mini hannu in na yi ƙullin ragwanci, ya sha kirana da sunayen da ba zan maimaita ba. Kwano ɗaya muke ci, in yi masa ba'a ya rama. Sai Allah ya sa na ga 'yarsa tana kawo masa abinci, na ci gaba da gani, har magana ta kai ga manya aka ɗaura aure, muka kama ɗaki a unguwar Albarika. Daga ranar mutumin ya tashi daga maigidana a igiya ya koma surukina. Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon ƙwallo ba za su gane abin da nake nufi ba. Sunansa ya haramta a bakina, sai dai Baba. In na hango shi takalmi ya koma hannu, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa. Ban sake cin ko gyaɗa a gabansa ba. In yana wannan gefen mota ni ina wancan. Shi ma ya daina kirana, sai ya ce wa na kusa, "A gaya wa mijin yarinyar nan ya miƙo bakin igiya," ga ni tsaye ina ji. Ba wanda ya tilasta mana. Haka muka taso muka gani, kuma ina jin daɗin abin ma, don girma ne nake ba shi, shi ma yake ba ni.

Ana nan sai mai dubanmu ya ce zai koma gida Nijar, mahaifinsa ya tsufa, gona na jira. Kowa ya zuba ido a ga wanda Sarki zai miƙa wa sanda. Akwai waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. Sarki ya tsallake su duka, ya kira ni a gaban jama'a ya ce, "Kunnenka na da kyau. Riƙe." Na yi murna har tafiyata ta canza, matata ta ce ko sarautar Parakou aka ba ni ba ta ji ba. Sai da murnar ta lafa na tuna cewa a cikin igiyoyin da zan riƙa bugawa har da na Baba.

Akwai kuma abin da duk rukuninmu ya sani ba mai faɗa. Hannun Baba ya fara ƙi. Sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, in damina ta shigo ba sa rufewa sosai. Ƙullinsa yana nan yadda yake, ba mai kama shi, amma jan ƙarshe, wanda ake tokare ƙafa a taya a kwanta da baya, ya fi ƙarfinsa. Abokin ɗaurinsa, wani dogon Bazabarme mai kirki, shi ke lallaɓawa ya ƙara masa jan kamar da wasa, kowa ya kau da kai. Mun san abin da ke jiran mai ɗaurin da aka fara mayar wa aiki don ƙarfi ya ƙare. Ba korarsa ake yi ba. Masu kaya ne ke fara cewa kada wane ya taɓa motarsu, tun yana zuwa ana ba shi tsintsiya har ya daina zuwa. A Gar ba fansho. Baba kuwa da ƙananan yara a gida, kuma in aka raba shi da igiya ban san abin da zai rage masa ba.

Ranar da nake ba da labari an yi ruwa da sassafe, sannan rana ta fito da zafi. Igiyarmu ta rama ce, in ta jiƙe takan tsuke, in ta bushe ta saki, saboda haka ɗaurin irin wannan safiya yana son ja fiye da kullum. Mota ɗaya ce za ta Djougou, gishiri a ƙasa, bandir-bandir na kwanon rufi a bisa ta baya. Kwano kuwa in ya zame daga kan mota wuƙa ne. Da aka zo ɗauri na duba ban ga Bazabarmen ba, aka ce Sarki ya aike shi kasuwa sayo sabuwar igiya. Baba ya ɗaure bayan motar shi kaɗai, ya koma gefe yana naɗe ragowar igiya a gwiwar hannu.

Na fara daga gaba. Tim. Tim. Na zagayo baya na buga ta farko a kan kwanon. Ɓaf. Na ce ko hannuna ne, na sake. Ɓaf. Ta kusa da ita ma haka. Ban san Gar na iya yin shiru ba sai ranar. Masu jeri suka sami abin kallo a sararin sama, 'yan dako suka hau gyaran gammo. Kalmar da ta rage in faɗa gajeriya ce, kuma na faɗa wa manya da yawa ita a 'yan kwanakin nan gabana bai faɗi ba. Amma sai an kalli mutum, sai an fara da sunansa. Na sa sanda a hammata na nufi gindin mangwaro.

Na durƙusa na ce a hankali, "Sarki, a ba wani ya duba wannan."

Bai buɗe ido ba. "Kunnen ne ya toshe?"

"Ɗaurin Baba ne."

"Na san ɗaurin wanda ne. Da na ba ka sanda, ka ji na ce ban da mutanen gidanku?"

"To a bar ni in ƙara ja da kaina, ba wanda zai sani."

"Kowa zai sani, shi ma zai sani," in ji shi. "In ka ja yau, gobe ma kai za ka ja. Ranar da ba ka nan fa? Kuma in kaya suka zube, ɗaurin wa zan ce, naka ko nasa? Hannunka ya taɓa igiya, ka ajiye mini sandata."

"To kai ka faɗa masa, Sarki. Kai sa'ansa ne."

Sai a nan ya buɗe ido ɗaya. "In na faɗa, daga yau duk wanda ka ce wa sake zai wuce ka ya zo nan ya ji ko da gaske ne. Na ba ka aikin ne don in daina yi. Tashi, shofer na jira."

Na tashi na koma bakin mota. Shofer ya riga ya tayar da mota, yana leƙowa ta taga yana cewa, "Alor, mai duba, ya yi ko bai yi ba? Rana na yi!" Na je na tsaya nesa kaɗan da Baba. Ƙafafunsa nake gani, da takalminsa na taya, da bakin igiyar da ke lilo. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, iska ce kawai ta fito. Faɗa ta gagara, gyara an hana, in ce ya yi kuma ƙarya ce da kowa ya ji da kunnensa. Abin da ya biyo baya na sha juya shi a raina, har yau ban san ko dabara ce ko wauta ba, na fi zaton ƙafafuna ne suka yanke shawara ba da ni ba. Na soke sanda a ɗamara, na kama ƙarfen mota na haura. Ban ce ya yi ba, ban ce bai yi ba. Na je can baya kan kwanon na zauna, na ji ya motsa a ƙarƙashina da wata siririyar ƙara. Daga can sama ana hango rufin gidajen gari. Na tuna matata, na bar ta da safe tana riƙe ƙugu, ciki ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Tsoro ya kama ni sosai, amma na kasa sauka.

Shofer ya ga na hau, ya sa giya. Motar ta yi nishi ta girgiza.

"Kai! Sauko!"

Ban gane muryar ba da farko, don rabon da ta fuskance ni tun kafin aure. Baba ne. Ya jefar da igiyar hannunsa, yana tsaye tsakiyar fili yana kallona ido cikin ido, ya kira ni da sunana na yanka.

"Sauko na ce! Ɗaurin nan bai yi ba. Ni na ɗaura, ni na sani." Ya ɗaga hannayensa sama yadda kowa zai gani, yatsun a lanƙwashe. "Ga su nan, sun ƙi. Tun bara suka ƙi. Ba zan kai wa 'yata gawa a kan ɗaurina ba."

Shofer ya kashe mota. Na sauko, kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma don kaina na ƙasa ne na ga abin da na gani. Katakon da ake tokare tayar baya da shi yana nan a wurinsa, ba a cire ba, ƙafar Sarki na kansa. Ban ga lokacin da ya taso daga gindin mangwaro ba, ba kuma wanda ya gani. Ko da Baba ya yi shiru, motar nan ba inda za ta.

Wannan karon Sarki bai jira washegari ba. Ya ce goro ya yi masa yawa, mu biyu mu zo mu taya shi. A bayan sito ya fasa, ya ba Baba, ya ba ni, na riƙe nawa a hannu don ba na ci a gaban suruki. Ya fara da ni.

"Kunnenka ya ji, bakinka ya kasa. Tarbiyya ce, ban zarge ka ba. Amma mai duba da baki yake aiki, kunne kowa na da shi. Kuma ka ɗauka in ka hau, ranka kaɗai ka sa. Kwanon nan in ya zube, a kan masu tafiya gefen hanya zai zube, su kuwa ba su hau komai ba."

Ya juya wurin Baba. "Kai kuma na daɗe ina jiran ka faɗa da kanka. Da ni na faɗa, da na kore ka ke nan ko ban yi niyya ba. Mutumin da zai tsaya tsakiyar Gar ya ce ɗaurinsa bai yi ba, ban ga wanda zai ji nauyin gaya wa gaskiya ba." Ya miƙo hannu ya zare sandar daga ɗamarata ya ɗora a tafin Baba. "Wannan ba ta son ƙarfin yatsa." Sannan ya dube ni. "Kai koma igiya, ƙarfi na nan a jikinka yana zaman banza."

Baba ya riƙe sandar. Can ya juya ya fuskanci bangon sito ya ce, "A gaya wa mijin yarinyar nan ba ni na roƙa ba." Ni ma na fuskanci bangon na ce, "A gaya wa Baba na sani." Sarki ya ce to madalla, tunda bango ya ji, mu tashi, mota na jira.

Na ji zafi, kada in yi ƙarya. Sarautar da ban gama ɗanɗana ba ta tafi, tsokana kuwa na sha ta har damina ta fita. Amma a ƙarƙashin zafin akwai wani sauƙi da ban taɓa ji ba, don Baba na nan a Gar, kuma da girmansa. Ni na sake ɗaure bayan motar nan da hannuna. Ya zagaya ya buga, ya kalli iska ya ce ya yi, muka tallafa masa ya hau. Kafin ya dawo kan motar doya washegari matata ta sauka, aka sami mace. Daga nan shekara da shekaru uban matata yana zama kan ɗaurina yana zuwa Djougou. Na naɗe masa wani tsohon tamfol ya zama kujerarsa. Rangwame kuwa ban gani ba, igiyata ya fi buga da ƙarfi, in ta ce ɓaf sai in ji, "A gaya wa mijin yarinyar nan ya sake." A wurinsa na ga yadda ake faɗar kalmar. Yakan matso kusa da mutum, ya rage murya, ya nuna igiyar da sanda, in an gyara ba ya sake tada maganar har abada. Lokacin da hawa ya gagare shi sanda ta dawo hannuna, kuma a lokacin bakina ya buɗe.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, shin Sarki ya shirya abin nan tun farko? Ya ba ni sanda ne yana sane da inda zan maƙale? Da gangan ya aiki Bazabarme kasuwa? Wata rana da muka saba na tambaye shi. Ya ce igiya ce ta ƙare da gaske, in ban yarda ba in je sito in duba. Na ce to ƙafar da ke kan katako fa? Ya ce, "Gajiya ta yi, na ga katako na ɗora." Iyakar abin da na samu ke nan. Wani lokaci ina ganin ya hango komai daga nesa, wani lokaci kuma in ga kawai mutum ne da ya iya barin na ƙasa da shi su yanke nasu hukuncin, shi kuma ya tsaya inda ɓarna ba za ta wuce shi ba.

Jaririyar nan ta ranar ita ce yanzu shugabar wasu mata a masana'antar fasa kashu, akaju da muke cewa a nan. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, Madam Shef nake ce mata. Ta yi karatun tafiyar da ma'aikata, ta ce duk abin da Sarki ke yi yana da suna a makaranta, ni kuwa in yi ta tambayarta sunayen ina mantawa. Kwanan nan ta zo mini fuska a ɗaure. A cikin matan da ke ƙarƙashinta akwai goggon mijinta, ido ya fara rauni, ɓatattun ƙwayoyi na wucewa ta gabanta. Ita kuma sai ta jira kowa ya tashi ta sake tsince kwanon goggon a ɓoye.

"Baba, c'est pas facile, abin ba sauƙi," in ji ta. "Ta yaya zan kalli goggon mijina in ce aikinta bai yi ba?"

Na yi dariya har tari ya kama ni, don na ɗauka ciwon nan ya mutu da zamaninmu. Na ba ta labarin nan daga farko har ƙarshe. Ta ce to ita yanzu me za ta yi? Na ce ni ta zo tambaya, ni da na haura kan kwano? Abin da na sani shi ne ta daina ja wa goggo igiya a ɓoye, ta duba abin da bai mutu a jikin matar ba, ko hannu ne, ko baki, ko girman da matan ke ba ta, kuma duk abin da za a yi, ƙafarta ta kasance kan katako. Ta ce su a wurinsu ba katako. Na ce ta nema, akwai. Har yanzu ba ta gaya mini yadda suka ƙare ba, kuma ina son in ji.

Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kaka bai taɓa kallonka ya ce maka ya yi ba, ko sau ɗaya?" Na ce bai taɓa ba, iska yake gaya wa ni in tsinta. Sai bayan ta tafi na tuna ranar da ya rasu. Ina cikin waɗanda suka yi masa sutura, liman ya miƙo mini ƙyallayen ɗaure likkafani ya ce, "Kai ne mai ɗauri." Na ɗaura a hankali, don wannan ɗaurin ba ya son ja, a kabari ma kwance shi ake yi. Da na gama sai na sami kaina na ja da baya na tsaya, hannu a baya, ina jira kamar yadda na saba, sai hawaye ya zo mini da na tuna mai dubawar ne a kwance. Sarki na zaune jikin bango, ya tsufa tukuf, ido ya tafi, da hannu aka kawo shi. Ya ce a matso da shi. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, daga kai har ƙafa, sannan ya ɗago fuska wajen da nake.

"Ya yi," in ji shi. "Kun san doka, wanda ya ce ya yi, shi zai hau. Ku yi gaba da shi, ina tafe."

Damina ba ta zagayo ta same shi ba.